Na-Iya da Bangon da Ya Tsiro Gashi

Kai jama'a, akwai masu baki a duniya, amma Na-Iya daban ne. Sunansa na gaskiya ma ba wanda ya riƙe a layin, don ba abin da za ka ambata a gabansa bai ce "ai na iya" ba. Fanka ta tsaya, na iya. Haƙori na ciwo, na iya. Rannan wata mata ta fito tana ihu 'yarta na naƙuda, wallahi sai da aka riƙe masa riga. Alhali sana'arsa guda ce tal, fenti. Fentin ma in ya yi maka ɗaki sai ka yi sati kana kankare gilashin taga da reza.

Shekararsa huɗu a ɗakin baya na gidan yayarsa. Ci kyauta, wuta kyauta, har sabulun wanka. Yayar tela ce, hannunta na da kyau, mata har layi suke mata. Mijinta kuma malamin asibiti ne, mutum mai sanyi kamar ruwan randa, bai fiye magana ba. Amma tun ranar da Na-Iya ya gyara masa firji ya koma ɗumama ruwa, bawan Allah yake kallon makullin ɗakin bayan nan kamar yadda kyanwa ke kallon kifi a faranti.

To sai Yaya ta kama sabon shago a bakin titi, tsakanin mai aski da mai wanki da guga. Saura kwana takwas a buɗe, ranar Asabar. Suna karyawa a falo ta nuna wa mijinta hoto a waya: gaban wani shago ne an lulluɓe shi da shuɗin dutse, fararen jijiyoyi sun ratsa shi kamar gajimare.

"Irin wannan nake so a gaban shagona. Anjima zan je wurin Baba Mai Dutse, shi ke sayarwa shi ke kafawa."

Na-Iya ya leƙo daga ƙofar kicin da kofi a hannu.

"Wane Baba kuma? Haba Yaya! Ga ƙaninki a gida, ki ɗauki aiki ki kai wa bare? Dutsen da ake kira kwazayit ne wannan, daga nan ma na gane shi. Ni da na yi wa gidan sama hawa uku ado da shi!"

"Yaushe?"

"Lokacin ba kya nan."

"Auta, ni na goya ka. Yaushe ne ba na nan?"

"Ke dai ki ba ni. In na gama bangon nan, mota sai ta ci birki ta kalla."

Mijin ya ajiye cokali a hankali. "Ki ba shi."

Yaya ta juyo tana kallonsa kamar ya yi wani yare.

"Ki ba shi," ya sake cewa. "Amma in ya ɓata, makullin ɗakin baya nake so. A ranar, ba washegari ba."

"Yallaɓai, an gama! Ka ma fara shirin ba ni haƙuri."

Yaya ta dubi ƙanin nata. Ɗan'uwa dai rabin jiki ne. Can ta kama kunnenta da yatsa biyu. "Auta, kunnenka nawa? Kullum ni ke tare maka faɗa a gidan nan. Wannan karon in ka kunyata ni, da hannuna zan karɓi makullin."

Wurin Baba Mai Dutse fili ne babba, allunan dutse a jingine a tsaye jere-jere kamar littattafai a kanta. Baba tsoho ne, tafin hannunsa ya yi kanta kamar bayan kunkuru. Ya kai Na-Iya gaban wasu alluna masu launin toka, ya ɗebo ruwa a gwangwani ya watsa wa ɗaya. Nan take dutsen ya buɗe ido. Shuɗi ya fito tar, jijiyoyin suka bayyana, kai ka ce sama aka yanko aka jingine.

"Ka ga yadda zai zama in an gama shi," in ji Baba. "Wannan ɗanye ne. Sai na ɗora shi a inji na goge fuskarsa, kwana huɗu, sannan launin ya zauna. In ba haka ba..."

"Baba, a loda min."

"Ɗana, ka ji abin da na ce kuwa? Ruwan nan da na zuba..."

"Na ji. A loda."

A ransa cewa yake, tsohon nan akwai wayo. So yake ya tsoma hannu a aikin, gobe a ce Baba ne ya yi, Na-Iya guduma kawai ya riƙe masa. Ga shuɗi ina gani da idona, wace guga kuma?

Baba ya ɗaga kafaɗa. "To a tsaye za ka ɗauke su a mota. Kar ka kwantar."

"Baba, ko mutum in tafiya ta yi nisa kwanciya yake."

Ya kwantar da su a bayan motar kaya, ɗaya kan ɗaya. Ramin farko da direba ya faɗa, ƙas! Na biyu, ƙas! Kafin su iso shago alluna shida sun zama goma sha ɗaya.

Mai aski na tsaye bakin ƙofarsa da almakashi. "Injiniya! Haihuwa suka yi a hanya?"

"Kai me ka sani ban da ƙeyar mutane? Salo ne. Yanzu an daina yayin dutse guda, fasasshe ake yi."

Washegari ya aro giranda, injin yanka, wurin wani mai tayil. Shi a wurinsa dutse duk dutse ne. Bai san wannan ya fi tayil taurin kai nesa ba kusa ba, sai da faifai na musamman ake yanka shi, ana yi ana zuba ruwa. Ya ɗora faifan tayil a bushe. Giranda ta fasa kuka kamar an taka wutsiyar kare, tartsatsi ya tashi, ƙura ta turnuƙe layin. Dutse ko gezau. Faifai kuwa ya narke kamar alawa a baki. Na biyu ma haka. Na uku ya fizge ya yi sama, ya datse igiyar shanyar mai guga, fararen riguna goma sha biyu suka sauka cikin kwata.

Mai guga ya fito da dutsen guga a hannu yana hayaƙi, shi da dutsen duka.

"Na-Iya! Uban wa zai sake wanke waɗannan?"

"Yi haƙuri maƙwabci, aikin manya ne, dole a samu 'yar tangarɗa."

"Tangarɗa? Matso in goge maka fuska ka ga tangarɗa!"

Da ƙyar mai aski ya shiga tsakani. Wanda yake yi wa aski ma ya biyo shi waje da rabin kai, yana tari, ƙura ta mayar da shi ɗan shekara tamanin.

Daga nan Na-Iya ya haƙura da yanka ya koma guduma. Inda dutse ya ƙi shiga, ya fasa. Inda rami ya rage, ya cusa siminti. Ran Talata da rana tsaka bango ya tashi. Ya wanke shi da ruwa tas, kuma maganar gaskiya, a jiƙe ya yi kyau. Shuɗin nan ya rufe duk wani aibu. Yaya ta zo ta riƙe baki.

"Auta! Kai ne kuwa?"

"Ai na gaya miki. Ki ce wa Yallaɓai ya cire ido daga ɗakina."

Ta tafi tana kiran ƙawayenta a waya, har tana tuntuɓe.

Minti arba'in aka yi. Na-Iya na zaune kan bokiti yana ba mai aski labarin yadda za a fara nemansa daga ƙasashen waje, sai mai aski ya miƙa wuya ya kalli bayansa.

"Injiniya, bangonka fa na tsufa."

Ya waiwaya. Shuɗin na guduwa daga gefe-gefe yana tattarewa tsakiya, kamar kududdufi a rani. Kafin ya miƙe tsaye ya ƙare ƙaf. Abin da ya rage toka-toka ne fururu, sak bayan jaki.

Ya dafe kai. Sai yanzu maganar Baba ta iso kunnensa, kwana uku tana hanya. Ya suri bokiti ya ɗebo ruwa ya watsa. Shuɗi ya dawo. Rana ta buga. Jaki ya dawo.

Mai hankali da sai ya koma wurin Baba ya durƙusa ya ce na tuba. Na-Iya kuwa sai ya je ya aro tiyo.

Tun daga ranar ya zama mai ban ruwan bango. Ya haddace lokutan zuwan Yaya: tara na safe, ɗaya na rana, biyar na yamma. Kafin ta sauko daga mota ya jiƙa shi sharkaf.

"Wai Auta, kullum na zo bangon nan a jiƙe yake?"

"Yaya, ba kya ganin sabon gini ana ba shi ruwa? To wannan ya fi siminti ƙishirwa. Daga cikin tsauni aka ciro shi, bai saba da rana ba."

"Ikon Allah."

"Hajiya, har taki ya kamata a sa masa," in ji mai aski daga ƙofa. "Ko zai yi 'ya'ya."

Na-Iya ya watsa masa harara, Yaya ta yi dariya ta shige.

Shi ruwa kuma ba ya tsayawa inda aka zuba shi. Ya gangara ƙofar mai aski ya yi tafki, masu zuwa aski na tsallake kamar kwaɗi. Ran Alhamis wani mai tumbi ya zame ya zauna daɓas a ciki, da sabon wando. Mai aski ya zo ya zare tiyon ya naɗe ya jefa shagonsa.

"Ka sake zuba ɗigo ɗaya, wallahi sai na zaunar da Hajiya a nan, na saya mata lemo mai sanyi, mu kalli bangon nan tare na minti arba'in."

To fa. An zo wurin.

Ran Juma'a, gobe buɗewa, ɗinki ya hana Yaya leƙowa tun jiya, Na-Iya ya zauna ya yi tunani, abin da jikinsa bai saba ba. Me ke jiƙa abu kuma ba ya bushewa? Mai! Ya lallaɓa kicin ɗin Yaya ya sunkuto galan ɗin man girki, ya ɗauki buroshi ya shafe bangon sama da ƙasa. Kai! Sai ga shuɗi ya fito har da sheƙi. Awa ɗaya, bai gudu ba. Awa uku, yana nan daram. Na-Iya ya riƙe ƙugu.

"Mai aski! Fito ka ga ilimi. Abin da tsoho ke yi da inji a kwana huɗu, na yi shi da buroshi kafin shayinka ya huce."

Mai aski ya zo ya shinshina. "Ya yi. Saura albasa."

Abin da Na-Iya ya manta, Juma'a da yamma ce mai aski ya fi samun jama'a, kai talatin yake sauke wa kaya. Kuma in ya share gashi, bakin ƙofa yake tarawa kafin masu shara su zo. Iska kuma daga wajensa take kaɗowa.

Asabar da safe Na-Iya ya iso cikin sabuwar riga yana fito. Fiton ya maƙale. Bango ya tsiro gashi. Baƙi, ja-ja, furfura, mai laushi, mai kauri. Daga ƙasa zuwa ƙirji gemu ne sosai, sama kuma saje. Cikin gashin ga ƙura, ga tururuwa sun ja layi kamar an buɗe musu sabon titi. Wata akuya na tsaye a kusurwa tana lasa, ido a lumshe.

Mai guga ya fito ya gani, ya zauna a ƙasa don dariya. Mai aski kuwa ya dubi bangon sama da ƙasa, irin kallon sana'a.

"Ƙwalƙwal za a yi masa ko gyaran fuska?"

"Don Allah ku taimake ni, ƙarfe goma za su zo."

"Mu? Mu da ba mu san komai ba sai ƙeya?"

Ya sa tsumma ya goga, gashi ya ƙara kwanciya luf kamar an taje shi. Ya watsa ruwa, ruwa ya gangare a kan mai ya wuce abinsa. Ƙarfe takwas ta buga. Sai ya ruga gida ya koma ga abin da ya sani: ya ɗauko babban gwangwanin shuɗin fenti da ɗan ƙaramin fari.

Yanzu fa ko wanda ya yi sati ɗaya yana koyon fenti ya san ba a ɗora shi kan maiƙo. Ba ya kamawa, ba ya bushewa. Na-Iya ya sani sarai, wannan kam sana'arsa ce. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ya lafta shuɗi a kan mai, a kan gashi, a kan tururuwa. Ya ɗauki siririn buroshi ya zana fararen jijiyoyi da hannu. Daga tsallaken titi, in ka kanne ido ɗaya, wallahi ba laifi.

Ya jawo benci biyu ya tare gaban bangon, ya tsaya kamar mai gadi.

Ƙarfe goma wuri ya cika. Ƙawayen Yaya da masu kawo mata ɗinki, kowacce cikin kayan da ta ɗinka mata. Mijin ya zo cikin fararen kaya, tare da babbar baƙuwa, shugabar ma'aikatan jinya ta asibitinsu. Mace ce mai jiki da murya, kuma rabin matan da ke ɗinki wurin Yaya ita ta kawo su. Farin leshi ta sa, wanda Yaya ta yi sati biyu tana yi wa aiki a wuya. Baba Mai Dutse ma ya zo, don Yaya ta gayyace shi ya ga aikin ƙaninta. Ya dubi bangon daga nesa, ya dubi Na-Iya, ya nemi kujera ya zauna ya harɗe ƙafa kamar mai jiran a fara wasa.

"Auta, warin me nake ji haka?"

"Warin sabon dutse ne, Yaya. Na asali haka yake."

"Bencin fa?"

"Ba ya son a taɓa shi yau. Zafin jikin mutum na dusashe shi."

Sai ga mai hoto, wani ɗan gaggawa da kyamara a wuya. "A kawar da bencin nan! Bango mai kyau haka za a ɓoye? Hajiyoyi ku zo nan ku jeru."

"Malam, a yi hoton a ciki mana..."

"Ciki ba haske."

Shugabar ta ƙaraso tana gyara mayafi. "Kai ne ka yi wannan aikin? Sannu da ƙoƙari, ɗana. Ni ma ina so a gidana."

Shi ke nan. Kan Na-Iya ya kumbura, tsoro ya tafi hutu. "Ai Hajiya wannan somin-taɓi ne. Naki sai na haɗa miki har matakalar bene, har banɗaki. Akwai wani kore ma da nake shirin shigo da shi..." Yana cikin zuba aka janye bencin ta bayansa.

"Ku matsa baya!" in ji mai hoto. "Ba ku shiga duka ba. Baya kaɗan! Hajiya babba, jingina, saki jikinki. Yawwa!"

Mata tara suka jingina, har da Yaya. Mijinta kaɗai ya tsaya taku ɗaya a gaba. Wanda ya zauna gida ɗaya da Na-Iya ya san ba a jingina da abin da hannunsa ya taɓa.

"Murmushi! An gama."

Shugabar ta yunƙura za ta taso. Bango ya ce bai yarda ba. Ta sake yunƙurawa da ƙarfi, sai ji kake ɓaaat, kamar an ɓare filasta daga ƙafa mai gashi. Ta yi taku biyu gaba. Kowa ya zuba mata ido.

Bayanta tun daga ɗankwali har ƙugu shuɗi ne, da farar jijiya a karkace, da gashin maza talatin, da 'yan tururuwa da ba su gama cikawa ba suna motsi. A jikin bango kuma ga surarta nan ta fito cif, kafaɗu da komai, launin toka, tana maiƙo. Sauran matan suka shiga ɓantarowa ɗaya bayan ɗaya, ɓat, ɓat, ɓat, kowacce na leƙa bayan 'yar'uwarta tana salati.

Shugabar ta shafo wuyanta ta duba yatsunta. "Gashin wane ne wannan a jikina?"

"Hajiya, in furfura ce ta mai gadin makaranta ce," in ji mai aski. "Jiya da yamma na yi masa. Mutum ne mai tsafta."

"Jama'a ku kwantar da hankalinku," Na-Iya ya ɗaga hannu biyu. "Irin wannan dutsen in yana sabo yakan yi zufa, shi ne..."

"Baba," in ji Yaya, ko kallonsa ba ta yi ba, "don girman Allah zo ka gaya min abin da ke jikin bangona."

Baba ya taso a hankali. Ya sa farce ya karci bangon, ya shinshina. Ya sake karta.

"Fenti. Ƙarƙashinsa gashi. Ƙarƙashinsa man girki."

Yaya ta dafe ƙirji. "Galan ɗin da na birkice kicin ina nema?"

"Ƙarƙashinsa kuma dutse ne mai kyau, 'yata, irin wanda ba kullum nake samu ba. Guga kawai yake so. Yanzu ya sha mai har ciki, ko an goge tabon ba zai fita duka ba." Ya juya wurin Na-Iya. "Ɗana, dutsen nan ya yi shekaru dubbai a cikin ƙasa. Ruwa ya dake shi, rana ta gasa shi, ba abin da ya same shi. Sati ɗaya ya yi a hannunka."

Ba wanda ya yi dariya sai mai guga. Shi ma da ya tuna wurinsa za a kawo rigunan, ya haɗiye abarsa.

Shugabar ta nufi mota hannuwa a buɗe kamar an shanya ta, ba ta yi wa kowa sallama ba, direbanta na ta shimfiɗa jarida a kujera. Matan asibitin suka bi bayanta, shuɗi-shuɗi, a jere. Yaya ta bi su da ido har motar ta sha kwana. Sannan ta juyo. Idonta ya kawo ruwa, amma muryarta ko rawa ba ta yi. Ta miƙa hannu.

"Auta. Makulli."

"Yaya, ni ne fa. Autanki."

"Na sani. Da wani ne da bai kai wata huɗu ba. Makulli."

Ya dubi mijin, ko zai ce a bari sai gobe. Ina! Bawan Allah ya riga ya zaro hankici ya shimfiɗa a tafin hannu yana jira.

Na-Iya ya lalubi aljihu ya fito da makullin, shi ma duk ya yi shuɗi. Yaya ta karɓa da yatsa biyu ta ɗora a kan hankicin. Ya tsaya yana kallon makullin nan, ya gyara murya.

"Af, Yallaɓai, kwaɗon ƙofar nan fa yana ɗan cijewa. Kafin in kwashe kayana bari in ɗan buɗe cikinsa in..."

"BAR SHI!" in ji Yaya, da mijinta, da Baba, da mai aski, da mai guga, har da mai hoto da bai taɓa ganinsa ba sai yau.